Tabarmar Kawu Kelepi

Kawu Kelepi ya haura shekara sittin bai taɓa fita daga Tonga, ƙasarmu ta tsibirai can tsakiyar teku, ba, sai da mahaifiyata ta rasu. Ƙanwarsa ce, su biyu rak iyayensu suka haifa a tsibirin Lofanga. A nan ƙasar waje, a birnin Brisbane, ta rasu, ba a daɗe da bikin ba ni digirin koyarwa ba. Da safe ne, tana yanka albasa a kicin, ni ina ɗaki ina duba waya, sai na ji faɗuwar abu mai nauyi. Tun daga ranar ƙirjina yake ƙullewa ba sanarwa, a bas, a kanti, har a coci. Mutuwar na bar wa Allah. Abin da aka yi wa Kawu a bakin teku ne na kasa haɗiyewa, don shi mutum ne ya yi shi, da rana tsaka, a gaban jama'a.

Masunci ne kuma manomi. Yana da ƙaramin kwalekwale mai inji, da gonar doya da rogo, da aladun da suka mai da duk tsibirin gidan ubansu. Shi ke buga gangar itace ta kiran coci ranar Lahadi. Wata shekara guguwa ta yaye masa rufin ɗaki, ya bi sawu ya tsinto kwanon a gonar maƙwabci, ya miƙar da shi da guduma, ya mayar. Ɗakin yana yoyo har yau, shi kuma har yau yana cewa kwanon zamani ba shi da ƙwari. Matarsa, Inna Sulieti, ta ce ta gaji da jera robobi a tsakar ɗaki, ya ce ai ruwan sha ne Allah yake kawo mata har gado.

A wurinmu namiji yana jin kunyar 'yar'uwarsa tun daga balaga, kunya irin ta suruki. Ba ya shiga ɗakinta, ba ya doguwar hira da ita. Ko ƙanwa ce ta fi shi daraja, 'ya'yanta ma haka. Duk abin da na gani a hannun Kawu na so, nawa ne, ba sai na roƙa ba. Ranar da Mama za ta bar tsibiri tana budurwa, shi ya kai ta babban jirgin ruwa a kwalekwale, idonsa a kan ruwa har suka isa. Ta ce abin da ya faɗa kawai shi ne, "Riƙe kwandon da kyau." Daga nan kowace kaka sai ya ware doyar farko, manya-manyan, a fere a daskarar, ta iso mana a jirgin kaya da sunanta, Losaline, a jikin kwali. Idan Mama ta kira waya, da Inna Sulieti take shan hira, shi yana gefe yana gyaran koma, yana ji ta lasifika. Sai za a ajiye ya matso ya ce, "Ana lafiya?" Ta ce lafiya. Ya ce to.

Ta lasifikar nan ya san labarin bencin. Mama wanki take yi a gidan kula da tsofaffi, in ta tashi aiki sai ta sauka a filin shaƙatawa na bakin teku, ta taka har ƙarshensa, inda wani koren benci yake fuskantar gabas. Takan ce wa Inna Sulieti, "In na zauna can har hayaƙin kicinki nake hangowa, kin sake ƙona kifi." Su yi ta dariya. Shekara da shekaru yana jin wannan, bai taɓa sa baki ba.

Ya zo jana'iza yadda ya kamata ɗan'uwa ya zo. A mutuwar 'yar'uwa shi ne na ƙasa da kowa. Ya sa baƙaƙen kaya, ya bar gashinsa ba taza, ya ɗaura babbar tabarmar makoki a jiki, kamar yadda al'adarmu take, tun daga hammata har idon sawu. Kakata ce ta saƙa ta. Da ita aka yi makokin kakana, da ita aka yi nata. Ta yi duhu, gefenta duk ya zare, ta sha hayaƙin mutuwa biyu. Ba a wanke irinta, ba a yi mata faci, don tsufarta da yagewarta su ne girman da ake ba mamaci. Ya ɗaure ta da igiyar ɓawon kwakwa da ya murza da kansa. Duk kwanakin makoki bai taka cikin gidanmu ba. Yana bayan gida wajen ramin gashin nama, yana faskare, yana juya duwatsu masu zafi, yana ciyar da mutanen da bai sani ba, shi ne na ƙarshen cin abinci. A gareji yake kwana.

Da baƙi suka watse, tafiyarsa ta matso, wata Asabar ya zo ƙofar baya ya yi gyaran murya.

"Malama." Haka yake kirana maimakon sunana, Fipe, tun da ya ji na yi digiri. "Bencin nan, yana da nisa?"

"Wane benci, Kawu?"

"Na hayaƙi."

Na ce bas ɗaya ne, sai tafiyar ƙafa. Ya ce ƙafa yana da ita. Na kalli tabarmar, na kalle shi, na ce ko zai sa ƙarama, tunda cikin gari za mu. Ya dube ni kamar na ce ya fita ba wando.

"Wurinta za ni," ya ce.

Na sa baƙar rigata, na ɗaura 'yar ƙaramar tabarmata a ƙugu, muka fita.

Rabona da in ji ƙirjina a sake kamar farkon tafiyar nan tun kafin rasuwar Mama. Ruwan teku ya janye, taɓo ya miƙe yana ƙyalli har nesa, hanyar siminti ta bi gaɓa, shingen ƙarfe a gefenta. Kawu yana tafe a hankali, tabarma na ƙaras-ƙaras, yana gaida duk wanda muka gamu da shi da harshenmu. Yawancinsu sai su kau da kai. Wani tsoho ya ɗaga masa hula, Kawu ya ce wannan da alama ɗan gidan mutunci ne.

Wasu samari suka wuce mu a guje, gumi na zuba. Ya juya ya duba bayansu da kyau.

"Wa ya biyo su?"

"Motsa jiki suke, Kawu."

"A ba su gatari mana. Akwai sauran itace a bayan gida."

Ya tsaya ƙarƙashin wasu dogayen bishiyoyi masu kama da kwakwa, ya ɗaga kai ya daɗe yana nema.

"Ina 'ya'yan?"

"Irin na ado ne, ba sa haihuwa."

"Har bishiya sun yi wa tsarin iyali," ya ce, ya shafa jikinta kamar mai yi mata jaje.

Wata mata ta zo da ƙaramin kare sanye da riga. Karen ya tsuguna ya yi abin da zai yi, ta sa leda a hannu ta kwashe, ta ƙulle, ta riƙe. Kawu ya jira sai da ta yi nisa, sannan ya sunkuyo kunnena.

"Malama, ke da kika yi karatu. Tsakanin su biyun, wa ke kiwon wa?"

Na yi dariya har na riƙe shinge. A gaba muka tarar da mai kamun kifi da ƙugiya, ya ciro ɗan kifi, ya gwada tsawonsa a jikin wani ƙarfe, ya mayar da shi ruwa. Kawu ya ce ya gwada shi kamar zai ɗinka masa riga. Da ya leƙa taɓon ya ga ƙaguwa na yawo ba mai kula su, sai ya ce abincin gida goma ne kwance a nan. Na nuna masa allon da ya hana ɗiba. Ya gyaɗa kai. Doka ba ta taɓa ba shi wahala ba, in dai an faɗa masa.

"Nan mamarki take bi?" ya tambaye ni. "Ta gefen ruwa ko ta gefen ciyawa?"

"Ta gefen ruwa."

Ya koma gefen ciyawa, ya bar mata hanyarta.

Mun kusa ƙarshe muka tarar da biki. An kewaye wani fili na ciyawa da farin zare, an jera kujeru, an kafa rumfa, ana kiɗa a hankali. Hanyar ta ratsa daf da kujerun, amarya na tsaye da ango gaban mai ɗaura aure. Kawu ya ja birki.

"Ba zan ratsa musu da makoki ba. Ranarsu ce. Bari su gama."

Ya sauka daga hanya, ya koma bayan wasu shuke-shuke masu duhu, inda ba zai shiga idon amarya ba. Ni kuwa da na ga taron, da kiɗan, da wata dattijuwa tana share wa amarya hawaye, sai abin ya taso mini. Numfashina ya guntule, yatsuna suka yi sanyi. Kawu ya lura.

"Je ki sha ruwa, Malama. Fuskarki ta koma tokar ramin gashi. Ina nan, ba mai sace ni, na yi nauyi."

Na koma baya wajen wani ɗan shago, na sayi ruwa, na zauna a dakali ina jan numfashi. Ban daɗe ba. Da na taso, daga nesa na hango mutum biyu a kansa. Ɗaya ƙaton saurayi ne da rigar gadi mai ruwan ɗorawa, cikin waɗanda masu bikin suka ɗauko haya. Ɗayar mace ce da shuɗiyar riga da faffaɗar hula, daga baya na gane uwar ango ce.

Kawu a tsaye yake lokacin da mai gadin ya iso. Da ya ji an ɗaga masa murya, ya ga kayan aiki a jikin mai maganar, sai ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. A wurinmu ba a tsayawa a kan mai iko. In ya yi maka magana sai ka zauna, ka tanƙwashe ƙafa, ka sunkuyar da kai. Kawu ya zauna a ƙasa.

Na fara sauri. Iska tana kawo mini muryoyinsu, da Turanci.

"Kai, baba, tashi! Nan ba wurin kwana ba ne."

Kawu ya ƙara sunkuyawa.

"Tun ɗazu yake laɓe a nan yana leƙen mutane," in ji matar. "Ga yara ko'ina. Wa ya san abin da ya naɗe a cikin tsumman nan?"

"Na ce ka tashi! Ni za ka yi wa zaman dirshan?"

Kawu ya ɗora hannu biyu a gwiwa, goshinsa ya kusa taɓa ciyawa. Iyakar ladabin da ya sani ke nan, ya miƙa shi duka. Na ƙwala kira, na ce a dakata, kawuna ne, kiɗa ya danne muryata. Mai gadin ya zagaya bayansa, ya cusa hannu a saman tabarmar, ya finciko shi sama. Kawu mutum ne mai jiki. Bai ɗagu ba, tabarmar ce ta tafi. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an keta busasshen ganyen ayaba. Ta tsage tun daga sama har ƙasa, igiyar ta zame. Mai gadin ya zare ta daga jikin Kawu gida biyu, ya kakkaɓe, ba abin da ya faɗo sai 'yar toka. Ya yamutsa fuska saboda warin hayaƙi, ya dunƙule ta, ya wurga ta bayan shinge cikin taɓo. Har da kakkaɓe hannu.

Ban san inda robar ruwan ta faɗi ba. Na dai ga kaina a gabansa.

"Me ka yi? Me ka jefar?"

"Kin san shi? To ki ɗauke shi. An kama wurin nan yau."

"Wurin da aka kama ga shi can cikin zare! Nan hanyar kowa ce! Me ya yi maka?"

"Na ce ya tashi ya ƙi."

"Girmama ka yake yi, sakarai! Zama ya yi don ya girmama ka!"

Ya kalle ni, ya kalli matar, ya yi 'yar dariyar da har yanzu nake ji a kunnena in na kwanta.

"To ni ina zan sani? Kamar shara na gani."

Na bar shi na haura shingen. Ruwa ya fara dawowa, yana shigowa a hankali ta ƙananan hanyoyi. Na nutse har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi, ban nema ba. Na kamo babban ɓarin, ya jiƙe, ya yi nauyi, yana narkewa a hannuna. Ɗaya ɓarin iska ta riga ta tura shi cikin ruwa, ina kallo ya juya sau ɗaya ya nutse. Mutanen biki sun juyo a kujerunsu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ko mutum ɗaya bai taso ba.

Muryar da na ji a bakin shinge ta Kawu ce, ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

"Fipe! Fito! 'Yar Losaline a cikin taɓo saboda ni? Da wane baki zan faɗa a gida? Fito na ce!"

Ya miƙo hannu ya ɗago ni kamar jaririya. Yana tsaye da baƙar riga da baƙin zani kawai, shatin igiya a cikinsa, hannunsa ɗaya yana ta lalubar ƙugunsa. Ya juya wajen mai gadin, ya haɗa hannu.

"Ki ce masa ya yi haƙuri. Ki ce baƙo ne ni, ban san ƙa'idar wurin ba. Na ɓata musu biki."

"Ba zan faɗa ba."

"Malama."

"Wallahi ba zan faɗa ba, Kawu."

"To ni ba ni da bakinsu. Ke ce bakina."

Na juya na kalli mai gadin. Na ce masa wannan dattijon ya baro tsibirinsa ne don ya binne ƙanwarsa, uwata. Na ce abin da ya jefar uwarsu ce ta saƙa shi, tun ba a haifi uban shi mai gadin ba. Na ce ya koma bayan shuke-shuke ne don kada baƙin cikinsa ya taɓa amaryarsu, ya zauna ne don ya ɗauke shi mutum mai daraja, kuma ya yi kuskure. Na ce Allah ya sa ranar da zai binne tasa uwar ya gamu da irinsa. Muryata tana tsinkewa, ina haɗawa, ina ci gaba. Kawu ya taɓa kafaɗata.

"Maganata gajera ce. Taki ta yi tsawo."

Mai gadin ya daina dariya. Ya dubi takalminsa, ya danna abin maganar da ke kafaɗarsa, ya ce an shawo kan matsalar, ya koma bakin zare ya tsaya ya juya mana baya. Matar ce ta rikice. Ta ce wayyo, ba ta sani ba, ai da an faɗa mata. Ta ce mu jira. Ta tafi da sauri wajen motoci, dogon takalminta na nutsewa a ciyawa, ta dawo da abu a naɗe. Tabarmar roba ce, irin ta shimfiɗawa a bakin ruwa, mai ratsin ja da kore, ko takardar kanti ba a cire ba.

"Sabuwa ce fil," ta ce. "Ta ma fi waccan ƙwari. Ki ce masa ya riƙe."

Na buɗe baki, Kawu ya riga ni. Ba a mayar da kyauta a wurinmu. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya rusuna, ya yi mata godiya da ɗan Turancin da ya iya. Ta dafa ƙirji, ta yi murmushi, ta koma kujerarta da sauƙin zuciya. Aka ƙara kiɗa.

Daga inda muke ana hango bencin. Yana can bayan rumfar biki, a ƙarshen gaɓa, ƙarƙashin wata bishiya da iska ta karkatar. Ba kowa a kai. Na nuna masa.

"Ga shi can, Kawu. Mu zagaya ta baya. Mun iso ai."

Bai ɗaga kai ba.

"Mu koma gida."

"Ga shi fa, ana gani! Duba!"

"A haka zan je mata? Tsirara?"

"Ga wannan ɓarin, mu ɗaura."

Ya kalli abin da ke hannuna yana ɗigar da baƙin ruwa, ya girgiza kai. Na kwance tawa ƙaramar na miƙa masa, ya ja baya, ya ce ɗan'uwa ba ya zuwa makokin 'yar'uwarsa da kayan ado. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tsaya a matsayina na 'yar 'yar'uwarsa, na ce ba roƙonsa nake ba, umarni ne, ya wuce mu je.

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kwalekwalena naki ne. Gonata taki ce. Ki ce in yanka aladun duka, gobe ba za ki ji kukan ko ɗaya ba. Amma wannan kada ki sa ni, Fipe. Tun muna yara ban taɓa tsayawa gabanta ba yadda ya kamata ba. Ba zan fara yau ba."

Muka juya. Hanyar da muka biyo da dariya muka sake bi, ni da takalmi ɗaya, taɓo yana bushewa a ƙafata, rungume da jiƙaƙƙiyar tabarma. Shi yana gaba, tabarmar roba a hammata. Bai ƙara gaida kowa ba. Tsohon nan mai hula muka sake gamuwa da shi, ya ɗaga hular, Kawu bai gan shi ba. Da muka zo tashar bas na ce, "Kawu, ina son wannan tabarmar." Ya miƙo mini nan take, don ba shi da ikon hanawa. Na tura ta cikin kwandon shara, na danna ta da ƙafa har ta shige.

"Kyauta ce fa," ya ce a hankali.

"Tawa ce yanzu."

Sauran kwanakinsa a bayan gida ya yi su. Wani dattijon cocinmu ya aro masa tabarma, ya ɗaura don kada ya zauna haka, amma ya ce ta wani gida ce, ba ta san Losaline ba. Ya cike ramin gashi, ya dasa ciyawa a kai, ya gyara ƙofar gareji da ta shekara tana ƙara. Ya shanya ɓarin tabarmar a inuwa, da ta bushe ya naɗe ta ya ajiye a bakin ƙofar ɗakin Mama, daga waje. Iyayena mata na coci suka ce in bar maganar, mai gadin aikinsa yake yi, mu ma baƙi ne a ƙasar mutane. A nan aka haife ni. Na ce musu baƙuncin nan yaushe zai ƙare, suka ce ba a yi wa manya irin wannan tambaya a cikin makoki.

Ranar tafiyarsa, a mota, na ce wa direba ya bi ta bakin teku, ko ta taga Kawu ya ga wurin. Kawu ya gane hanyar, ya ce a juya.

"Ta taga ake gaida 'yar'uwa?"

Aka juya. A filin jirgi na raka shi har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya ce in riƙa cin abinci, na rame kamar sandar tuƙi. Ya ce doya za ta ci gaba da zuwa, da sunana yanzu. Ya shiga layi, ni ina bayan gilashi ina kallonsa, ya fi kowa tsawo, gashinsa a hargitse.

Da layi ya zo kansa, wani ma'aikaci mai kayan aiki ya ɗaga hannu ya yi masa magana, ina jin cewa ya yi ya matso gefe a duba shi. Na ga gwiwoyin Kawu sun fara lanƙwashewa za su kai shi ƙasa. Sai ya tsaya a tsakiya. Bai zauna ba, bai miƙe ba, jakarsa na lilo a hannu, mutanen bayansa suna leƙe suna tsaki. Ya juyo yana nemana cikin taro, yana tambayata da ido wanne ake yi a nan. Na buga gilashin da tafin hannu har wata mata ta matsa daga kusa da ni. Ban san me zan nuna masa ba.